Ma'aunin Maganaɗisu na Sherwood MK1: Abin da Yake Iyawa da Inda Lissafi Ke Karkacewa

Duk wanda ya saba duba kundin digiri na biyu ko na digirgir a fannin sinadaran ƙarafa, musamman na masu haɗa ligan (sinadarin da ke riƙe ƙarfe) irin na Schiff da kobalt, nikel, jan ƙarfe, manganis da tutiya, ya san jadawalin nan mai ginshiƙin μeff, wato ƙarfin maganaɗisun ƙarfen da ke cikin haɗin, a ƙarshensa. Sau da yawa lambobin da ke cikin ginshiƙin daga wata 'yar na'ura suke fitowa, wato ma'aunin maganaɗisu na kamfanin Sherwood Scientific da ke Kambirij a Ingila, ƙirar MK1. Na'ura ce mai kyau, kuma a ganina ba ta da na biyu ga sashen da ba shi da kuɗin manyan injuna. Sai dai tana da sauƙin aiki fiye da kima, har ɗalibi ya ɗauka cewa da zarar lamba ta bayyana a fuskarta an gama. Mafi yawan kurakuran da ake gani a kundaye daga hannun mai awo suke, ba daga cikin akwatin ba.

Asalin ƙirar ta Farfesa Dennis Evans ce na Imperial College a Landan, wanda ya bayyana ta a 1974, kamfanin Johnson Matthey ya fara ƙera ta don kasuwa, daga baya ta koma hannun Sherwood. Abin da Evans ya yi shi ne juya tsohuwar hanyar Gouy. A hanyar Gouy ana rataye samfur a jikin ma'auni mai laushi, a saukar da shi tsakanin bakunan ƙaton maganaɗisun lantarki, a ga yadda nauyinsa ya canza. Wannan yana cin wuri, yana cin wuta, yana kuma buƙatar samfur mai yawa. A na'urar Evans kuwa samfurin ne ke tsaye cik, maganaɗisun ke motsi. Akwai ƙananan maganaɗisai na dindindin, biyu a wannan gefe biyu a wancan, a kan wata sanda da aka rataye ta daidaita. Idan aka zura bututun samfur tsakanin biyun farko, sandar za ta so ta karkata. Idon lantarki zai gano karkatar, sai a tura wuta cikin wani naɗin waya da ke tsakanin ɗaya biyun har sandar ta koma mazauninta. Yawan wutar da aka buƙata shi ne lambar R da ke fitowa a fuska. Samfurin da maganaɗisu ke ja yana ba da lamba mara alamar ragi, wanda ke gudun maganaɗisu kuma lambarsa tana zuwa da alamar ragi.

Ta fuskar jiki ba abin kushewa. Mutum ɗaya zai ɗauke ta, ba ta buƙatar ruwan sanyaya, ba ta da kwamfuta balle manhajar da za ta tsufa. Maɓallanta biyu ne: na zaɓen zango, mai ×1 da ×10, da na saita sifili. Rauninta ɗaya ne, kuma daga ƙirar ya taso: abin da aka rataye yana jin motsi. Teburin da ke girgiza saboda janareta a bayan bango, fanka mai kaɗawa kai tsaye a kan ramin bututu, injin motsa ruwa mai maganaɗisu a gefe, almakashi ko makullai da aka ajiye a kan murfi, duk suna sa lambar ƙarshe ta yi ta rawa. A nema mata teburin kankare ko na katako mai nauyi, a daidaita ƙafafunta har ta zauna sosai, sannan a bar ta a wurin. Yawo da ita daga wannan ɗaki zuwa wancan shi ne hanya mafi sauri ta lalata saitinta. Inda wuta ke hawa da sauka, a haɗa ta da sitabilaiza ko ƙaramin UPS, domin idan aka ɗauke wuta a tsakiyar awo sai an sake jiran ta ɗumama daga farko.

Yadda ake awon

A kunna ta a kan ×1, a ba ta aƙalla minti 10, rabin awa ya fi idan za a yi awo da yawa. A saita sifili ba komai a ramin. A auna nauyin busasshen bututu a ma'aunin da ke nuna lamba huɗu bayan ɗigo, a zura shi a hankali, a rubuta lambar da ta fito, wato R₀. Gilashi yana gudun maganaɗisu, don haka R₀ da ragi yake zuwa, galibi 'yan gommai. Idan bututun da babu komai a ciki ya ba da lamba mara alamar ragi, bai wanku ba, akwai ragowar aikin wani a gindinsa. Kowane bututu da nasa R₀, kuma kada a ari na jiya.

Sai cika bututu, kuma a nan ne aikin yake. Lissafin shi ne:

χg = C × L × (R − R₀) ÷ (10⁹ × m)

inda χg ke nuna yadda giram ɗaya na samfur ke amsa maganaɗisu, L tsawon samfur ne a santimita, m nauyinsa a giram, C kuma lambar saitin na'ura, wadda takan kasance kusa da 1. A lura da abin da L da m ke yi tare. Na'urar ba ta ganin dukkan samfurin, iyakacin ɓangaren da ke tsakanin maganaɗisai take ji. Da zarar tsawon ya kai santimita 1.5, ƙarin gari a sama ba ya canza R, don ya fita daga inda ƙarfin yake. Saboda haka m ÷ L a cikin lissafin yana tsaye ne a madadin yadda garin ya danƙaru, kuma lissafin ya ɗauka cewa danƙarewar iri ɗaya ce daga ƙasa har sama. Idan ƙasa ta matsu sama ta yi sako-sako, ko aka bar ramin iska a tsakiya, amsar ta karkace ko da an auna komai daidai. Kamar awon gero ne a mudu: wanda ya girgiza da wanda bai girgiza ba ba za su tashi da nauyi ɗaya ba.

Hanyar da ke aiki ita ce a niƙa samfurin ya yi laushi ƙwarai, a zuba kaɗan, kamar rabin santimita, a bubbuga gindin bututun a kan katako ko roba har garin ya daina sauka, a ƙara, a sake bugawa, har a kai tsakanin santimita 1.5 da 2.5. A zura, a karanta R, a fitar, a ƙara bugawa na minti ɗaya, a sake karantawa. Muddin R na ci gaba da hawa, garin bai gama zama ba. Sai ta tsaya sannan a auna L da rula mai kyau, daga saman gindin gilashin ta ciki, ba daga ƙasan bututun ta waje ba. Bututun da aka saba amfani da shi faɗin cikinsa milimita 3.24 ne, don haka tsawon santimita 1.5 bai wuce 0.12 na santimita kubik ba, wato wajen miligiram 100 zuwa 200 na yawancin samfurori. Ga ɗalibin da ya sha wahala ya samu rabin giram na haɗinsa, wannan babbar rahama ce, ga shi kuma samfurin ba ya lalacewa, za a iya juye shi a kai shi wani gwajin.

Kuskuren milimita 1 a tsawon santimita 1.5 ya kusa kashi 7 cikin ɗari a χg. Tunda μeff daga tushen murabba'i yake fitowa, kuskuren yana raguwa zuwa rabi, kashi 3 da ɗoriya, amma a kan kobalt mai 4.7 wannan ya kai 0.15, kuma a irin wannan tazarar ce mutane ke yanke hukuncin siffar sinadari. Shi ya sa awo ɗaya bai isa ba. A juye garin, a sake cikawa, a sake aunawa har sau 3. Idan amsoshin sun yi nesa da juna fiye da kashi 2 ko 3 cikin ɗari, matsalar cikawa ce. Idan lamba ta wuce iyakar fuska, kamar yadda takan faru da manganis ko baƙin ƙarfe, a fitar da bututu, a koma ×10, a sake saita sifili, sannan a ninka abin da aka karanta sau 10. Mantawa da wannan ninkin ya sha mayar da manganis(II) mai 5.9 ya koma ƙasa da 2.

Ga misalin lissafi da shuɗin gishirin jan ƙarfe, CuSO₄·5H₂O, mai nauyin mol 249.7. A ce C ya fito 1.02, R₀ ya nuna −34, R ya nuna 522, tsawo santimita 2.0, nauyi giram 0.2010, zafin ɗaki digiri 30, wato kelbin 303. To χg zai zama 5.64 × 10⁻⁶. A ninka da nauyin mol, a sami 1409 × 10⁻⁶. Sai gyaran gudun maganaɗisu, wato cire kason gudun da kowane ɓangare na sinadarin ke da shi: Cu²⁺ yana da −11, salfet −40, ruwa biyar −65, jimla −116, wanda ake cirewa, ma'ana a ƙara 116, a sami 1525 × 10⁻⁶. Daga nan μeff = 2.828 × √(χ × T), inda χ ita ce lambar da aka gyara, T kuma zafi a kelbin, wanda ya ba da 1.92 BM (Bohr magneton, ma'aunin μeff). Abin da ake tsammani ke nan ga jan ƙarfe mai gwauron ilektron ɗaya, wato ilektron da ba shi da abokin zama. Ina ba da shawarar duk sabon ɗalibi ya fara da wannan gishirin kafin ya taɓa samfurinsa. Yana da araha, yana kowane sito, kuma wanda ya kasa samun kusan 1.9 da shi bai shirya auna abin da ba a san amsarsa ba.

Zafi da lambar C

Wannan ya fi shafar mu fiye da waɗanda suka rubuta littattafan. Sinadarin da aka fi amfani da shi wajen fitar da C shi ne HgCo(SCN)₄, shuɗin gari mai duhu wanda Figgis da Nyholm suka gabatar a 1958. Ba ya shan danshi, yana kuma zama da kyau a bututu. Lambar da kowa ya haddace ita ce 16.44 × 10⁻⁶, amma a digiri 20 take. Tana raguwa da kimanin kashi 1 cikin ɗari a duk ƙarin digiri 3. A ɗakin gwaji mara na'urar sanyaya ɗaki a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda ma'aunin zafi kan kai 38, ainihin lambar ta sauko zuwa wajen 15.5. Wanda ya sa 16.44 a wannan yanayin ya kumbura C da kusan kashi 6 cikin ɗari, kuma duk samfurin da ya auna a ranar ya gaji wannan kumburin. Haka nan T na cikin lissafin μeff. Ɗabi'ar rubuta 298 ba tare da an duba ba tana rage amsa da kashi 2 cikin ɗari idan ɗakin yana kelbin 311. MK1 ba ta auna zafi, kuma wannan gibi ne na gaske a ƙirarta. Maganinsa ma'aunin zafi na gilashi a rataye kusa da ita, a riƙa rubuta abin da ya nuna tare da kowane R. Kada kuma a riƙe bututun a tafin hannu ana hira kafin a zura shi.

HgCo(SCN)₄ yana ɗauke da makuri, guba ce, don haka a cika bututu ɗaya da shi, a toshe, a rubuta nauyi da tsawo a jikin kwalinsa, a daina juyewa da sake cikawa. Wanda ba ya son hulɗa da makuri zai iya amfani da [Ni(en)₃]S₂O₃, mai kimanin 11.0 × 10⁻⁶, wanda ake iya haɗawa a ɗakin gwaji. A riƙa fitar da C a farkon kowane zaman awo. Ba ya cin minti 5.

Inda samfurin kansa ke yaudara

Gyaran gudun maganaɗisu shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A gishiri mai sauƙi kamar na misalin sama bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. A haɗin da ke da manyan ligan kuwa labarin daban ne. A ɗauki haɗin jan ƙarfe mai nauyin mol 600. Ƙiyasin gaggawa shi ne rabin nauyin mol, wato kusan −300 × 10⁻⁶. Idan ainihin μeff ɗinsa 1.85 ne, wanda bai yi gyaran ba zai samu 1.64, ƙasa da 1.73 da ake tsammani daga ilektron ɗaya. Daga nan sai a ga an cika shafi guda ana bayanin cewa ƙarafan biyu suna hulɗa da juna, alhali jadawalin Pascal, inda ake samun lambobin gyaran, shi ne kawai ba a buɗe ba. Irin wannan hulɗar akwai ta da gaske, asitet ɗin jan ƙarfe shi ne sanannen misali, yana ba da kusan 1.4 a kan kowane jan ƙarfe a zafin ɗaki, kuma Bleaney da Bowers sun yi bayaninsa tun 1952. Amma kafin a kai ga wannan da'awar sai an tabbatar lissafin ya cika. A tara lambobin Pascal ƙwaya-ƙwaya, da gyaran zobba da na haɗin C=N, a sa su a rataye na kundi don mai dubawa ya gani.

Sai nauyin mol. Na'urar χg kawai take bayarwa, sauran duk ya rataya ne a kan tsarin da ɗalibi ya ce sinadarinsa yana da shi. Idan ba a san ko akwai ruwa biyu a ciki ba, ko ligan ɗaya ne ko biyu ke riƙe da ƙarfen, to μeff zato ne aka yi masa ado da lamba biyu bayan ɗigo. A fara samun awon kabon, haidurojin da naitirojin, da adadin ƙarfe, da na ruwa, kafin a zo nan. Samfurin da bai bushe ba yana ƙara m ba tare da ƙara komai a R ba, kuma da damina gari mai shan danshi yana iya yin nauyi tun yana cikin turmi. A busar da shi a tukunyar busarwa mai silika ko kalsiyam kulorayid har nauyinsa ya daina sauka. Ligan da bai shiga haɗi ba yana rage amsa, gishirin ƙarfe da ba a wanke ba yana ƙara ta. Kobalt(II) da ya sha iska a lokacin haɗawa, musamman da ligan masu naitirojin, yakan koma kobalt(III) mara gwauron ilektron, sai a ga 3 da wani abu maimakon kusan 5.

Mafi muni shi ne ɓurɓushin baƙin ƙarfe. Ɗan ƙwayar da ido ba ya gani, daga cokalin ƙarfe mai tsatsa ko allurar da aka tura gari da ita, ya isa ya ninka R. A yi amfani da turmin agat ko na tangaran, da cokalin roba ko na gilashi. Haɗin tutiya(II) shi ne ɗan sandan wannan matsalar: ba shi da gwauron ilektron ko ɗaya, dole R − R₀ ya zo da ragi. Idan ya ba da lamba mara alamar ragi, akwai datti a cikin jerin gaba ɗaya, kuma ya kamata a yi shakkar sauran ma. Idan kuma ya zo da ragin, a rubuta cewa yana gudun maganaɗisu a tsaya nan. Ba a cire alamar ragi don a samu abin sakawa a ƙarƙashin tushen murabba'i.

Wani abin da ke rikita masu karanta mujallu shi ne ma'auni. Lissafin da ke sama na tsarin cgs ne. A tsarin SI ana ninka χ na mol da 4π × 10⁻⁶, kuma 2.828 yana komawa 797.8. Haɗa rabin wannan da rabin wancan yana haifar da lambobin da babu ƙarfen da ke da su.

Iyakar abin da za ta faɗa

Lambobin μeff da ake tsammani daga juyin ilektron zalla su ne 1.73, 2.83, 3.87, 4.90 da 5.92 ga gwauraye 1 zuwa 5. A wasu wurare MK1 tana yanke hukunci kai tsaye. Nikel(II) mai shimfiɗaɗɗiyar siffar murabba'i yana gudun maganaɗisu, na oktahidiral, wato mai riƙo shida a kewaye da ƙarfen, kuma yana ba da wajen 2.9 zuwa 3.3, babu yadda za a rikita su. Baƙin ƙarfe(III) mai 5.9 da mai kusan 2 sun bambanta sarai. Amma kobalt(II) na tetrahidiral (mai riƙo huɗu), wajen 4.3 zuwa 4.8, da na oktahidiral, wajen 4.7 zuwa 5.2, suna shiga juna a tsakiya. Jan ƙarfe(II) kuwa yana zama tsakanin 1.7 da 2.2 kusan a kowace siffa, manganis(II) yana nan kusa da 5.9 ko ligan huɗu ne ko shida. Jumlar nan da ake yawan gani, cewa 1.9 ta tabbatar jan ƙarfen oktahidiral ne, ba ta da tushe. Abin da ta nuna shi ne Cu(II) ne ba Cu(I) ba. Siffa sai an haɗa da awon shan haske, da na infarared, da yadda narkakken sinadarin ke ɗaukar lantarki, in da hali kuma a samu kiristal a kai shi ga hasken X.

Kuma zafi ɗaya kawai take aunawa, na ɗakin da take. Wanda bincikensa ya shafi hulɗar ƙarafa biyu, ko sinadaran da ke sauya yanayin juyi idan aka sanyaya su, yana buƙatar awo daga zafin ɗaki har zuwa 'yan kelbin kaɗan, aikin babbar na'urar awon maganaɗisu mai suna SQUID ke nan, kuma sai an tura samfur inda ake da shi. Narkakken samfur ana iya auna shi a MK1, amma idan bai yi kauri ba gudun maganaɗisun ruwan da gilashin yana danne siginar, sai a ƙare da bambancin 'yan lambobi tsakanin manyan lambobi biyu. Ga wannan, hanyar amfani da na'urar NMR da shi dai Evans ɗin ya fitar a 1959 ta fi dacewa. Kamfanin yana da wata ƙirar mai suna Auto wadda ke rage aikin hannu, amma ita ma ba za ta cika wa kowa bututu ba.

Sashen da zai saya ya sa bututai masu yawa a cikin odar farko. Sirara ne, suna fashewa wajen bugawa da wajen wanki, kuma ba a samunsu a shagunan kayan gwaji na gari. Bututun NMR ko wani gilashin da ya yi kama ba ya maye gurbinsu, don C ya dogara ne da faɗin ciki. A wanke su da ruwan asid mai rauni, sai ruwa mai tsabta, sai asiton, a bari su bushe sarai, a goge bayansu kafin a zura. Garin da ya zube cikin ramin na'urar yana manne wa maganaɗisai ya riƙa jan sifili gefe, kuma fitar da shi sai an buɗe akwatin, aikin da bai kamata ɗalibi ya yi da kansa ba. A ajiye littafi a gefenta da kowa zai rubuta rana, zafin ɗaki, lambar bututu, R₀ da C da ya samu. Ranar da C ya yi tsalle daga inda ya saba zama, littafin zai nuna daga wane awo ya kamata a fara maimaitawa.